Minshari, Ƙiba da Wuƙar Likita: Darasi Domin Hakimai da Malamansu

Gabatarwa

An shirya wannan ɗan littafi musamman domin Hakimai da malaman ofisoshinsu, su karanta, su kuma karanta wa Dagatai da masu unguwa a wurin taro. Maganar da ke cikinsa ta wata cuta ce mai kama mutum cikin barcinsa bai sani ba, da kuma wani aikin fiɗa wanda likitoci su ke yi wa masu ƙiba don sauƙaƙa ta. Abin da ya sa aka ga ya kamata a yi bayani shi ne, labarin wannan aiki ya iso ƙasarmu, masu hali kuwa sun fara tambayar inda a ke yinsa. Ga al'adarmu, in babban al'amari ya taso wa mutum, ya kan nemi shawarar na gaba da shi tun kafin ya je ga likita. Saboda haka ya wajaba shugaba ya san gaskiyar maganar, don kada ya hana abin da zai amfani talakansa, ko kuwa ya sa albarka ga abin da zai cuce shi.

1. Mu fara daga Kasuwar Singa

Duk wanda ya san Kano ya san Kasuwar Singa, wadda ke ƙasar Fagge daura da Sabon Gari. Nan ne matattarar kayan masarufi na sari: sukari da fulawa da shinkafa da taliya da man girki da madara da lemon kwalba. Manyan motoci na sauke kaya, waɗansu na ɗauka zuwa garuruwan Arewa, har Nijar da Cadi.

Wanda ya tsaya ya lura zai ga mutane iri biyu. Ga 'yan dako da 'yan kura, yini su ke yi ɗauke da buhu, da ƙyar ka ga mai teɓa a cikinsu. Ga kuma mai gida a zaune bakin shago tun hantsi har Magariba, kuɗi da waya a hannu, abinci kuwa nan a ke kawo masa, ba ya tashi sai salla. Da mota ya zo, da mota zai koma.

Mu ɗauki ɗaya daga irin waɗannan don misali, mu kira shi Alhaji Wane. Shekarunsa 48. Tun da kasuwa ta yi albarka jikinsa ya ke ƙaruwa, jama'a na cewa, "Alhaji, hutu ya karɓe ka." Amma ga abin da ya dame shi. Yana cikin lissafi sai gyangyaɗi ya kwashe shi, yaran shago na ƙunshe dariya. Ran Juma'a ba ya jin ƙarshen huɗuba. Rannan kuwa a danja ya yi barci, sai da na baya suka dame shi da ƙaho. Shi a ganinsa gajiya ce. Uwargidansa ita ta san abin da ya fi haka, gama ita ke kwana tana jin minsharinsa ya yi ƙarfi, sa'an nan ya ɗauke ɗif kamar rai ya fita, can sai ya zabura da wani irin gurnani, numfashi ya dawo. Kunya ta hana ta faɗa wa kowa.

2. Abin da ke faruwa cikin barci

Iskar da mu ke shaƙa ta hanci ta kan bi ta bayan ganɗa da bayan harshe, sa'an nan ta gangara cikin maƙogwaro zuwa huhu. Wannan wuri na bayan harshe ba ƙashi gare shi ba, nama ne mai taushi, tsoka ce ke riƙe shi a buɗe. In mutum ya yi barci tsokar ta kan saki. Ga mai lafiya hanyar ta kan ɗan matse kaɗan, ba kome. Amma in kitse ya taru a wuya da cikin harshe, hanyar dā ma a matse ta ke. Da tsoka ta saki sai naman ya riƙa kaɗawa in iska ta wuce, wannan ƙara ita ce minshari. In abin ya tsananta sai hanyar ta rufe gaba ɗaya, kamar yadda tiyon roba ya kan lotsa in an zuƙe shi da ƙarfi. Teɓa kuma tana danne huhu daga ƙasa in mutum ya kwanta rigingine, ta rage masa wurin ajiye iska.

Likitoci ba su lissafa tsayawar numfashi sai ta kai daƙiƙa 10, amma ga waɗansu ta kan kai minti guda. Cikin wannan lokaci iskar da jini ke bukata, watau oksijin, tana raguwa. Ƙwaƙwalwa ta ji haɗari, ta farkar da mutum na ɗan ƙiftawar ido, hanya ta buɗe, ya koma barci, da safe bai tuna kome ba. In wannan ya faru sau 40 cikin awa, ya kwanta awa 7, ashe sau 280 aka shaƙe shi a dare ɗaya. Yaya za a yi ya wayi gari da ƙarfi?

Sunan wannan cuta ɗaukewar numfashi cikin barci. A 1965 ne likitoci a Faransa da Jamus suka fara bayyana ta sosai, bayan sun zauna sun auna numfashin masu ƙiba suna barci. Wani ƙiyasi da aka buga a 2019 ya ce manya miliyan 936 a duniya, masu shekara 30 zuwa 69, suna da ita, mai sauƙi ko mai tsanani, Nijeriya kuwa tana cikin ƙasashe 10 da suka fi yawan masu ita. A lura, ba masu ƙiba kaɗai ta ke kamawa ba. Siriri mai ƙaramin haɓa, da yaro mai kumburin maƙoshi, su ma su kan same ta. Amma ƙiba ita ce babban dalili ga manya.

3. Alamunta da ɓarnarta

Alamun dare su ne minshari mai ƙarfi kullum, da ɗaukewar numfashi wanda na kusa ya gani, da zabura kamar an shaƙe mutum, da yawan tashi fitsari. Alamun rana kuwa su ne ciwon kai da bushewar baki da safe, da gyangyaɗi duk inda aka zauna, da mantuwa, da saurin fushi, da raunin sha'awa ga iyali. Waɗansu in sun farka a shaƙe su kan ce dannau ne ko aikin iska, su tafi neman rubutu da turare, cutar kuwa tana nan tana ci.

Ɓarnarta ba ta tsaya ga gajiya ba. Duk sa'ad da numfashi ya tsaya, zuciya ta kan firgita, jini ya hau. In aka yi shekaru a haka, sai hawan jini ya zauna, irin wanda a ke shan magani biyu ko uku bai sauka ba. Tana ƙara haɗarin ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki, tana kuma tafiya tare da ciwon sukari.

Akwai kuma ɓarnar da ta shafi jama'a. Direba mai wannan cuta, in ba a yi masa magani ba, ya fi sauran direbobi haɗarin yin karo kamar ninki biyu ko fiye. Ku tuna da direban tirela wanda ya ɗauki kaya daga Singa da dare ya nufi Maiduguri ko Sakkwato. In gyangyaɗi ya kwashe shi daƙiƙa uku, ba ransa kaɗai ke cikin haɗari ba.

4. Yadda a ke auna ƙiba da cutar

Ba da ido a ke gane ƙibar da ta zama cuta ba, akwai lissafi, kowane malamin ofis kuwa zai iya yinsa. A auna nauyin mutum da kilo, a auna tsawonsa da mita. A ninka tsawon da kansa, sa'an nan a raba nauyin da abin da ya fito. In amsa ta kama daga 18.5 zuwa ƙasa da 25, daidai ne. Daga 25 nauyi ya fara yawa. Daga 30 ƙiba ce. Daga 40 kuwa ƙiba ce mai tsanani.

Ga misali. Tsawon Alhaji Wane mita 1.70, nauyinsa kilo 120. In an ninka 1.70 da 1.70 a sami 2.89. In an raba 120 da 2.89 a sami 41 da rabi. Mutum mai tsawonsa bai kamata ya wuce kilo 72 ba. Watau Alhaji yana ɗauke da rarar kilo 48, kusan buhun sukari mai kilo 50. Ɗan dakonsa ya kan sauke nasa buhun a bakin mota, shi kuwa da nasa ya ke salla, da shi ya ke kwana. A kan auna wuya kuma. In kewayen wuyan namiji ya kai inci 17, ko na mace inci 16, abin lura ne.

Cutar kanta ba a tabbatar da ita sai da gwajin barci. A kan ɗaura wa mutum ƙananan na'urori a hanci da ƙirji da yatsa, ya kwana da su a asibiti ko a gida, su ƙidaya sau nawa numfashinsa ya tsaya ko ya ragu cikin kowace awa. Ƙasa da 5 lafiya ce. Daga 5 zuwa 15 mai sauƙi ce, daga 15 zuwa 30 matsakaiciya, abin da ya haura 30 kuwa mai tsanani. A riƙe waɗannan lambobi, don za mu komo kansu.

5. Abin da a ke yi kafin a kai ga wuƙa

Na farko shi ne rage nauyi ta abinci da motsa jiki. Wani bincike da aka yi a jihar Wiskonsin ta Amurka, aka buga a 2000, ya nuna wanda ya rage kashi 10 cikin 100 na nauyinsa, tsayawar numfashinsa ta kan ragu da kamar kashi 26 cikin 100. Wanda kuwa ya ƙara kashi 10, ta kan ƙaru da kamar kashi 32. Wurin farawa mai sauƙi shi ne abin sha. Kwalbar lemo guda ƙarama tana ɗauke da sukari kimanin cokalin shayi 9. Mai shan uku a yini, ban da shayi mai madara safe da yamma, ya san inda buhunsa ya fito.

Na biyu, kwanciya a kan haƙarƙari maimakon rigingine, da barin taba da giya, da gudun ƙwayoyin sa barci, gama suna ƙara sakin tsokar maƙogwaro.

Na uku ita ce na'urar hura iska da a ke kira CPAP, wadda wani likita a birnin Sidni na Ostiraliya, Colin Sullivan, ya bayyana a 1981. A kan rufe hanci da wani ɗan murfi mai tiyo, na'urar ta riƙa tura iska a hankali, iskar ta tokare hanya ta hana ta rufewa. Ita ce maganin da likitoci su ke fara bayarwa ga mai cuta mai tsanani, sau da yawa kuwa tun daren farko mutum ya kan ji bambanci. Sai dai ba ta warkarwa, ran da aka ajiye ta cuta ta dawo. Tana kuma bukatar lantarki dare duka, saboda haka a ƙasarmu sai an tanadi batir ko wutar sola.

Na huɗu, allurai na rage ƙiba da suka fito kwanan nan. A watan Disamba na 2024 hukumar magunguna ta Amurka ta yarda a yi amfani da ɗaya daga cikinsu, mai suna tirzepatide, ga masu wannan cuta tare da ƙiba. Suna da tsada, in an daina kuma nauyi ya kan dawo, ba a kuwa yinsu sai da izinin likita.

6. Aikin fiɗa na rage ƙiba

In an gwada waɗannan da gaske ba a dace ba, ƙiba kuma ta yi tsanani, sa'an nan a ke maganar fiɗa. Jama'a da yawa suna zaton kitsen ne a ke yankewa a zubar. Ba haka ba ne. Tumbi a ke wa aiki, watau jakar da abinci ke sauka a ciki, a rage ta don mutum ya ƙoshi da kaɗan. Aikin kuma yana sāke sinadaran da ke sa jin yunwa, har marmarin ci ya ragu. Kitsen kuwa jiki ne ya ke ƙone shi da kansa a hankali cikin watanni.

Iri biyu aka fi yi. Na ɗaya, a yanke kamar kashi 75 zuwa 80 cikin 100 na tumbin a fitar, a bar siriri kamar ayaba. Wannan shi aka fi yi yanzu a duniya, abin da aka cire kuwa ba ya komawa har abada. Na biyu, a keɓe ɗan aljihu a saman tumbi wanda bai fi ƙwai ba, a haɗa shi da ƙaramin hanji, abinci ya tsallake sauran tumbin da farkon hanji. Wani likita a jihar Ayowa ta Amurka, Edward Mason, shi ya fara irin wannan a 1966. Tun daga 1994 aka fara yinsa ba tare da tsaga ciki ba, sai dai a huda ƙananan ƙofofi huɗu ko biyar, a shigar da kyamara da kayan aiki. Galibi a kan sallami mutum bayan kwana biyu ko uku.

Wa ya cancanta? A 1991 taron masana a Amurka ya yanke cewa sai wanda lissafinsa ya kai 40, ko kuwa 35 in yana da wata cuta da ƙiba ta jawo, kamar ciwon sukari ko ɗaukewar numfashi. A 2022 ƙungiyoyin likitocin wannan fanni suka sassauta: daga 35 ko babu wata cuta, daga 30 kuwa a duba in akwai irin su ciwon sukari. Alhaji Wane, mai 41 da rabi, yana cikin waɗanda likita zai iya yi wa maganar. Mai ɗan tumbi wanda ke son riga ta zauna masa ba ya ciki.

7. Abin da aikin ke yi, da abin da ba ya yi

Nan ne gindin darasin, ana roƙon malamai su karanta shi sau biyu.

Wajen rage nauyi babu shakka aikin yana ci. Galibi mutum ya kan zubar da kashi 25 zuwa 30 cikin 100 na nauyinsa cikin shekara ɗaya zuwa biyu. Alhaji Wane zai iya sauka daga kilo 120 zuwa wajen 85. Ciwon sukari da hawan jini su kan yi sauƙi ga da yawa. Wani dogon bincike da aka fara a ƙasar Siwidin a 1987 ya nuna, bayan shekaru, mutuwa ta fi ƙaranci cikin waɗanda aka yi wa aikin bisa ga masu ƙiba irin tasu da ba a yi wa ba.

Wajen numfashi kuwa sai a yi hattara. A 2009 aka tattara bincike 12 na mutum 342 waɗanda aka yi wa gwajin barci kafin aiki da bayansa. Kafin aiki, in an raba daidai, numfashinsu na tsayawa kusan sau 55 cikin awa. Bayan aiki ya sauko kusan sau 16. Wannan babban sauƙi ne, amma ku koma ga lambobin da muka riƙe: 16 har yanzu matsakaiciyar cuta ce. Haka kuma a 2012, a birnin Malbon na Ostiraliya, aka raba mutum 60 kashi biyu. Aka ɗaure wa kashi ɗaya bakin tumbi da wani zobe, wanda wani irin aikin ne da yanzu aka rage yinsa, ɗaya kashin kuwa aka bi da su ta abinci da shawara. Bayan shekara 2, na farko sun rage kilo 28, na biyu kilo 5 kacal. Amma tsayawar numfashi ta ragu da kamar 25 cikin awa ga na farko, da 14 ga na biyu. Watau ratar numfashi ba ta kai ratar nauyi ba.

Abin da za a fahimta shi ne, aikin yana rage cutar ƙwarai, waɗansu su kan rabu da ita sarai, amma da yawa a kan bar su da saura. Dalili kuwa, ƙirar haɓa da harshe da hanci ba ta sākewa don an rame. Wani abin tsoro kuma shi ne, minshari na iya raguwa mutum ya zaci ya warke, ya ajiye na'urarsa, alhali numfashi na nan yana tsayawa. Don haka doka ita ce, kada a ajiye na'ura sai an sāke gwajin barci bayan nauyi ya daidaita, likita ya ce a ajiye.

8. Haɗari da sharuɗɗa

A asibitocin da suka ƙware, wanda ke mutuwa saboda aikin bai fi mutum 1 zuwa 3 cikin 1,000 ba. Wannan lissafin ƙwararru ne, ba na kowane wuri da aka kafa allo ba. Ɗinki na iya yoyo, jini na iya zuba, gudan jini na iya toshe jijiyar huhu. Mai ɗaukewar numfashi kuma maganin sa barci na tiyata ya fi yi masa haɗari, saboda haka tilas a faɗa wa likitoci yana da ita, ya tafi da na'urarsa asibiti.

Bayan aiki akwai sharuɗɗa na har abada. Makonnin farko ruwa-ruwa kaɗai a ke sha, sa'an nan abu mai laushi, kāna a koma abinci kaɗan kaɗan, a tauna sosai. Malmalar tuwo ta dā ta wuce, lemon kwalba kuma an yi ban kwana da shi. Dole a riƙa shan ƙwayoyin bitamin da na ƙarin jini kullum, a riƙa gwajin jini, in ba haka ba jini ya ƙare, jijiyoyi su lalace, ƙashi ya yi rauni. Mace a kan ce ta dakata da ɗaukar ciki wata 12 zuwa 18. Azumin Ramadan na farko bayan aiki, a tambayi likita, a kai maganarsa ga malamai. Wanda kuwa ya koma lasar zaƙi da ciye-ciye, nauyi na iya dawo masa, minshari ya biyo baya.

Ana yin aikin a waɗansu asibitocin kuɗi a Legas da Abuja, waɗansu mutane kuma su kan tafi Indiya ko Masar ko Turkiyya. Ɗan Singa ya saba da sayen kaya ta waya, a yi ciniki, a loda, a sauke. Wannan ba irin hajar ba ce. Dillalin da ya yi alkawarin tikiti da masauki da fiɗa cikin mako guda, a tambaye shi: in ɗinki ya ɓalle bayan an dawo Kano da tsakar dare, wa za a kira? Tsalle ɗaya a kan yi a faɗa rijiya, a yi dubu ba a fito ba.

9. Abin da a ke roƙon Hakimai

Jama'a ba su manta da ƙoƙarin da Sarakuna da Hakimai da Dagatai suka yi wajen rigakafin shan-inna ba, har aka tabbatar a watan Agusta na 2020 cewa Afirka ta rabu da ƙwayarta ta daji. Maganar shugaba tana shiga inda ta malamin asibiti ba ta shiga. Ga abin da a ke roƙo.

Na ɗaya, a sanar da jama'a cewa minshari mai ɗaukewar numfashi cuta ce mai magani, ba abin dariya ba ne, ba kuma alamar jin daɗi ba.

Na biyu, a gaya wa mazaje su saurari iyalinsu. Matar da ta faɗi abin da ta gani da dare ba tonon asiri ta yi ba, ceton rai ta yi. In za a ga likita a tafi da ita, gama ita ce shaida.

Na uku, a zauna da shugabannin kasuwa da na direbobi. Direban da ke gyangyaɗi da rana a taimake shi ya ga likita kafin a ba shi doguwar tafiya, kada a kore shi, don kada saura su ɓoye.

Na huɗu, a hana kai mai minshari wurin wanzami a cire masa beli. Ba a nan kaɗai toshewar ta ke ba, ga kuma haɗarin zubar jini da shigar ƙwayoyin cuta. Haka kuma a yi hattara da shayi da garin rage teɓa na masu talla da lasifika, waɗanda ba a san abin da ke ciki ba.

Na biyar, wanda ya zo shawara a kan fiɗa, kada a ce masa je ka, kada kuma a ce kada ka je. A tura shi ga likita a Asibitin Murtala, ko na Muhammad Abdullahi Wase da ke Nasarawa, ko Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, a auna shi, a nuna masa inda zai yi gwajin barci. Sa'an nan a yi masa tambaya huɗu: An tabbatar da cutar da gwaji? Ka gwada rage abinci da na'ura da gaske? Likitan da zai yi aikin, sau nawa ya taɓa yin irinsa? Wa zai riƙa duba ka a gida shekara da shekaru? In ya amsa duka huɗun, a yi masa addu'a. In ya kasa ɗaya, a ce ya dakata tukuna.

Na shida, rigakafi ya fi magani. Yaron shagon da ke dariyar gyangyaɗin mai gidansa yau, in Allah ya buɗa masa, shi ne zai hau kujerar gobe. A koya masa tun yanzu ya riƙa taka ƙafa zuwa masallaci da sito, ya sha ruwa maimakon lemo.

Tambayoyi don bita

1. Me ke rufe hanyar numfashi in mai ƙiba ya yi barci?
2. Mutum mai tsawon mita 1.60 da nauyin kilo 95, nawa ne lissafin ƙibarsa?
3. Faɗi abu uku da a ke gwadawa kafin a kai ga fiɗa.
4. Don me ba a ajiye na'urar hura iska da zarar minshari ya ragu?
5. Waɗanne tambayoyi huɗu Hakimi zai yi wa mai neman shawara?

Ana roƙon malamai su ajiye wannan ɗan littafi a ofis inda mai bukata zai same shi. Allah ya ja zamanin Sarki, ya ƙara wa Hakimai lafiya da basira, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin.